Jirgin Ƙasa a Cikin Zaure

In kaka ta yi a ƙasar Tasawa da Mayahi, aka girbe hatsi da dawa, aka kai damma rumbu, abin da ke saura a gona shi ne kara. Manya su ɗebi nasu domin darni da abincin bisashe. Yara kuwa nasu rabon daban ne. Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Maijirgi, ko ya ratsa ƙauyukan Gulbin Kaba wajen Mayahi da Kanambakashe a wannan lokaci, zai tarar da yara zaune a gindin gawo, da tsohuwar reza a hannu, suna aikin kara. Su ɓare ɓawon su tsaga shi siri-siri, su yanka totuwa gunduwa-gunduwa, su soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Ƙafafunta na sakaina ne ko na tsohon takalmin roba, fitilunta marfin kwalba, ƙayar aduwa kuma ita ce ƙusa. Wanda ya ɗan tasa, sai ya bar kara ya koma motar waya ko ta langa-langa, mai doguwar sitiyari da a ke tuƙawa a tsaye.

Mafi yawanmu ba mu ɗauki wannan aiki a bakin komi ba. Uba ya zo ya tarar da ɗansa yana feƙe kara, sai ya ce ya tashi ya bar shiririta, ya je ya ba akuya ruwa. Ga kuma motocin roba na kanti sun cika kasuwa, yaro ya samu an saya masa, ya yi kwana uku da ita ta karye, bai koyi komi ba. To, ƴan'uwa masu karatu, yau muna so mu duba wannan wasa da idon basira, domin a wasu ƙasashe dattawa ne masu furfura su ke yin irinsa, kuma abin da su ke ƙerawa shi ne jirgin ƙasa da hanyarsa. Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu zai fito a gaba.

Yadda a ke yi a ƙasashen waje

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan, akwai mutane masu yawa da su ka ɗauki ƙera ƙaramin jirgin ƙasa a matsayin abin ɗebe kewa bayan tashi daga aiki. Mutum ya sami teburi ko ya ware ɗaki guda, ya shimfiɗa dogo ɗan siriri, ya gina tasha, da gada, da gidaje, da itatuwa, sa'an nan ya ɗora kan jirgi da taragai, ya ba su wuta su yi ta zagaya. Wani ya kan shekara goma yana gina gari guda. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna kuma yin baje koli inda kowa ke kawo nasa a gani.

Abin ya samo tushe tun ƙarni na 19. Kamfanin Märklin na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya kai kasuwar baje koli ta birnin Laifzig a 1891 ƙananan jirage masu wani, tare da guntayen dogo masu faɗi ɗaya da a ke iya haɗawa a ƙara tsawo. A Faransa kamfanin Jouef, wanda aka kafa a 1944, ya yi suna da irin wannan kaya. A birnin Hambug na Jamus kuwa an buɗe wani gida a 2001 mai suna Miniatur Wunderland, inda tsawon ƙaramin dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 16, mutane fiye da miliyan guda su na zuwa kallo a shekara.

Abin da ya raba wannan aiki da wasan yara shi ne ma'auni. Watau kowane abu a na rage shi ne da lissafi guda, ba da ƙiyasin ido ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda a ke kira HO, kashi 1 cikin 87. Faɗin babban dogo na zamani, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, milimita 1,435 ne. In aka raba shi gida 87, sai a sami milimita 16 da rabi, kuma shi ne faɗin dogon HO. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 74 ya kan koma santimita 2 cif. Akwai kuma wanda ya fi wannan ƙanƙanta, mai suna N, kashi 1 cikin 160, faɗin dogonsa milimita 9. Ko da hannun mutum ya ƙware, in ya saɓa ma'auni, sai a ga ƙofar gida ta fi tarago tsawo, aiki ya ɓaci.

Mene ne taram?

Daga cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda su ka zaɓi taram. Taram jirgin ƙasa ne na cikin gari, dogonsa a shimfiɗe ya ke a kan titi inda motoci da masu tafiya ƙasa ke bi, yana tsayawa unguwa unguwa yana ɗaukar mutane. Da farko dawaki ke jan sa. A 1881 kamfanin Siemens ya sa na farko mai aiki da lantarki a Lishtafelde, kusa da Balin. Tun daga nan yawancinsu daga waya ta sama su ke shan wuta, wutar ta bi ta cikin inji, ta koma ta dogo.

Afirka ba baƙuwar taram ba ce. Na birnin Iskandariya a Masar ya fara aiki tun 1863. A Ikko an yi taram mai aiki da tururi daga 1902 zuwa 1933, yana tashi daga Ido ya haye gadar Kata ya shiga tsibirin. A wannan zamani an buɗe sababbi a Aljas da Rabat a 2011, sa'an nan na Kazablanka a 2012, Adis Ababa kuma ta buɗe jirginta na cikin gari a 2015. Alhazanmu da su ka sauke farali daga 2010 zuwa yau, da dama sun ga jirgin da ke jigila tsakanin Mina, da Muzdalifa, da Arfa, wanda shi ma ɗan'uwan waɗannan ne.

Abin da ya sa taram ya fi dacewa da mai ƙaramin wuri shi ne iya shan kwana. Babban jirgi ba ya juyawa sai an ba shi fili, kwanarsa ta kan ci ɗaruruwan mitoci. Taram kuwa, da ya ke dole ya bi lungunan gari, yana iya zagaya da'irar da nisan tsakiyarta zuwa bakinta bai wuce mita 20 zuwa 25 ba. Saboda haka in aka rage shi, sai ya shiga zaure ko ɗakin karatu ba tare da an rushe bango ba.

Mu da jirgin ƙasa

A gundumar Tasawa akwai gari mai suna Maijirgi, amma jirgin ƙasa bai taɓa ratsa shi ba, kamar yadda bai taɓa ratsa ko'ina a jihar Maraɗi ba. Duk da haka, tarihin arzikin wannan yanki a ɗaure ya ke da dogo. A Nijeriya ta Arewa an fara shimfiɗa ɗan gajeren dogo tsakanin Wushishi da Zungeru a 1901. Dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930. Gyaɗar da kakanninmu su ka noma a ƙasar Maraɗi da Tasawa, raƙuma da jakuna, daga baya kamiyo, su ke kai ta kudu, jirgi ya ɗauke ta zuwa bakin teku a Ikko. Ƴan cin rani da fatake su ne su ka fara dawowa gida da labarin wani dogon abu mai hayaƙi da ke gudu a kan ƙarfe.

A cikin shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta shirya karkatar da wani sashe na gyaɗar zuwa Faraku, inda dogon Kwatano ya tsaya tun shekarun 1930. A 1959 Nijar da Dahome su ka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da wannan hanya, wadda daga baya aka sani da OCBN. An daɗe a na fatan dogon ya haye kogin Kwara ya shigo ƙasarmu. A 2014 aka fara shimfiɗa dogo tsakanin Yamai da Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, sai dai ba a kai ga jigilar yau da kullum a kansa ba.

A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin Nijeriya ta ɗora harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil aikinsa. An tsara zai bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi, kuma faɗinsa shi ne milimita 1,435 da mu ka ambata. Ba zai bi ta Tasawa ko Mayahi ba. Amma tsakanin Tasawa da Maraɗi kimanin kilomita 120 ne kawai a kan babbar hanya, kuma duk ranar da jirgi ya yi kuka a Maraɗi, waken Mayahi da bisashen Tasawa suna cikin kayan da za su nemi tarago. A ranar nan za a bukaci direbobi, da makanikai, da masu walda, da masu awon ƙasa, da masu kula da dogo. In ba mu tanadi namu ba, daga wani wuri za a kawo su, ƴaƴanmu su tsaya ga dako.

Yadda za mu gina namu

Kayan kanti na wannan wasa suna da tsada, ba a kuma samun su a kasuwanninmu. Ma'aunin HO ma ya yi wa kara ƙanƙanta. Abin da zai fi mana sauƙi shi ne kashi 1 cikin 20, domin lissafinsa a bayyane ya ke: kowace mita guda ta gaske, santimita 5 ce a wajenmu. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya wannan. Taram mai tsawon mita 10 zai zama santimita 50. Ƙofa mai mita 2 za ta zama santimita 10. Bangon gida mai mita 3 zai zama santimita 15. Goruba mai mita 10 za ta yi daidai da tsawon taram ɗin. Faɗin dogo kuwa, in aka raba 1,435 gida 20, zai ba da santimita 7 da milimita 2, in an cike ɗan abin da ya rage.

Da farko a sami daɓe mai laushi wanda ba shi da tudu da kwari, faɗinsa mita 2 da rabi ta kowane gefe. A kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya mai tsawon mita 1, a zana da'ira, kamar dai yadda magina ke yi in za su fitar da harsashin kago ko rumbu. Wannan mita guda ita ce madadin mita 20 ta kwanar taram na gaske. Zanen da aka yi shi ne tsakiyar hanya.

Sa'an nan a yanka guntayen katako masu tsawon santimita 13, su ne matashin dogo. A jera su a kan zanen, tsakanin kowanne da na kusa da shi santimita 5. Za a bukaci kimanin 125. A kowane guntu a yi tsaga biyu da zarto, tsakaninsu santimita 7 da milimita 2, a cusa langa-langa a tsaye cikin tsagar. Kafin a fara, a sassaƙa ɗan icce guda daidai wannan faɗi, a riƙa gwada shi tsakanin ƙarafan biyu taki bayan taki. Inda ya matse, jirgi zai cije. Inda ya yi sako-sako, jirgi zai faɗa tsakiya. Ma'aikatan dogo na gaske ma da irin wannan magwaji su ke yawo.

A nan ne mai aiki zai ci karo da darasi na farko. In ya yanko langa-langa biyu masu tsawo ɗaya, zai ga na ciki ya yi saura, na waje bai kai ba. Dalili shi ne da'irar waje ta fi ta ciki girma. Na ciki zai ci kimanin mita 6 da santimita 6, na waje kuwa mita 6 da santimita 51, bambancinsu santimita 45 ke nan. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ya auna da hannunsa, ba zai sake mance lissafin da'ira ba in mushe ya rubuta shi a allo. Gani ya kori ji.

Ƙafafun jirgi ba kamar na mota ba ne. Kowace ƙafa tana da leɓe ta gefen ciki, shi ne ke hana ta sauka daga dogo. Za a iya yin ta da faifai biyu na katako ko na marfin gwangwani, ƙarami da babba, a manne su: ƙaramin ya hau ƙarfe, babban ya zama leɓe. Ƙafa biyu a kafe su ke a jikin sanda guda, suna juyawa tare, wayar ƙafar keke kuwa ta isa ta zama sandar. A jirgin gaske an ɗan fiƙe bakin ƙafar, gefen ciki ya fi na waje kauri, domin in an zo kwana ƙafar waje ta hau wajen kaurin, ta ci tafiya fiye da ta ciki. Da haka a ke biyan bambancin nan da mu ka gani tsakanin ƙarafan biyu.

Kada a nisanta ƙafafun gaba da na baya. Ga tarago mai santimita 50, tazarar santimita 15 ta isa, in ta wuce haka zai ƙi shan kwana. Gangar jikin a yi ta da kara, a manne da ƙaro, a yi rufi da gwangwani. Da ya ke kara ba shi da nauyi, sai a sa ɗan ƙarfe ko dutse a ƙasan taragon, domin abin da nauyinsa ke ƙasa ba ya saurin kifewa.

Da farko a tura shi da hannu ko a ja da zare, har a tabbata yana zagayawa ba ya sauka. Bayan haka, wanda ya so, sai ya ciro ƙaramin inji daga matacciyar rediyo mai kaset, ya haɗa shi da sandar ƙafa da zoben roba, ya ba shi wuta da batir huɗu na tocila, watau bolt 6. Wanda ya ƙware zai iya kafa sanduna ya ja wayar tagulla ta sama, ya haɗa bakin batir guda da ita, ɗayan da dogo, ya zama taram sosai. Sai dai a riƙa goge tsatsa, domin tsatsa tana tare wuta. Gargaɗi kuma ga iyaye da malamai: kada a kuskura a haɗa wannan da wutar gida mai bolt 220, tana kisa. Masu wannan wasa a ƙasashen waje ma ƙaramar wuta su ke sawa a kan dogonsu.

In hanya ta kammala, sai a gina gari a gefenta. Ba sai an kwaikwayi Faris ba. A gina namu: masallaci, da kasuwa mai rumfuna, da rijiya, da rumbuna, da amalanken shanu, kowanne bisa ma'aunin santimita 5 a mita. Ƴan mata da su ka saba ginin ƴan tukwane da yumɓu da saƙar kaba suna da babban rabo a nan, kuma a ba su sandar awo su yi lissafin da kansu kamar yadda a ke ba maza.

Darasin da ya shafi rai

Akwai wani amfani da ya wuce koyon sana'a. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya da cijewa kamar taya a kan kwalta. Wannan ne ya sa kan jirgi guda ke jan kayan da kamiyo da yawa za su ɗauka, shi ne kuma ya sa jirgi ba ya tsayawa nan take. Jirgin kaya mai nauyi, in yana cikin gudu aka taka birki, ya kan yi ɗaruruwan mitoci, wani lokaci fiye da kilomita guda, kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Jama'ar da ba ta taɓa zama da dogo ba ba ta san wannan ba. Makiyayi zai zaci direba zai jira garke ya gama wucewa, mai amalanke zai zaci zai riga shi hayewa. A kan ƙaramin dogo na zaure a na iya nuna wa mutane mahaɗar hanya da dogo, da inda burtali ya gitta shi, da abin da ya sa a ke tsayawa a duba dama da hagu. Mutanenmu matafiya ne, ko dogo bai zo ƙofar gidansu ba, za su tarar da shi a hanyar Maraɗi, da Katsina, da Kano.

Kira ga hukumomi da iyaye

Wannan aiki ba ya bukatar kasafin kuɗi daga Yamai. Kara yana gona, langa-langa da guntun katako suna kasuwa, maƙera da kafintoci suna kowane gari. Abin da a ke bukata shi ne wuri da mai jagora. Shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi, daga Urafan zuwa Korgom, daga Sarkin Hausa zuwa Isawan, suna iya ba da ɗaki guda a gidan matasa ko a cibiyar koyon sana'a. Masu kula da lakwal da malaman yaƙi da jahilci suna iya mai da shi darasin lissafi, domin babba ma ya fi saurin gane rabawa in ya ga abin da a ke rabawa. A zamanin Samariya unguwa da unguwa sun yi gasar aikin gayya da wasanni. Ba abin da zai hana a yi gasar jirgin kara bayan girbi, a duba wanda ya fi kiyaye ma'auni da wanda jirginsa ya zagaya sau goma bai sauka ba. Yaron da ya yi fice, a lura da shi, a nuna masa hanyar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi.

Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa a kan kara da waya, bayan ya gama aiken gida da karatunsa, ku bar shi. Ku tambaye shi tsawon motar da ya ke kwaikwayo, ku ba shi sandar awo ya je tasha ya auno. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu kara mai yawa, ya kuma shirya mana zuriyarmu.